Ranar da na kusa ƙona motar Yayana saboda neman bes

 Kun saba ina kawo muku bayani a kan wayar hannu: batir mai kumbura, caji mai yankewa, sikirin da ya daina taɓuwa. To yau mota za mu shiga. Mutane da dama sun sha tambayata yadda za su ƙara wa motarsu bes, musamman waɗanda motarsu ta zo da wufa tun daga kamfani. Na daɗe ina zille wa tambayar, saboda amsarta a haɗe take da wani abin kunya da na tafka da hannuna. Amma na ga gara in faɗa, wataƙila wani ya tsira da motarsa. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku taɓa ko da noti ɗaya.

YADDA ABIN YA FARA

Yayana ya shekara kusan huɗu yana tara kuɗi kafin ya sayi motarsa, Honda Accord ƙirar 2008, wadda muke kira Anakonda. Tasa mai kujerun fata ce, irin wadda ke zuwa da sipika bakwai, ta bakwai ɗin ita ce wufa mai inci 8 da ke kwance a kan faifan da ke bayan kujerun baya, ƙarƙashin gilashi. Motar lafiya lau take, sai dai da zarar kiɗa ya zo wurin duka mai nauyi, sai ka ji baya yana “farr farr” kamar an maƙale takarda a jikin fanka.

Saura kwana goma sha biyu ɗaurin aurensa ya same ni a shago a Farm Centre, ya ajiye mukulli a kan tebur.

“Injiniya, ka ji abin da motar nan take yi. Da wannan karkarwar zan ɗauko amarya?”

Na ce, “Yaya, ni fa wayar hannu nake gyarawa.”

Ya ce, “Waya ai waya ce. Ta hannu da ta mota duk sunansu ɗaya.”

Aka yi dariya a shagon, ni kuma kaina ya kumbura. Mutumin da ke ɗaga IC mai ƙafafu fiye da ɗari a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, wace sipika ce mai waya biyu za ta gagare shi? Haka na raya a raina. Na karɓi mukulli.

Da yamma na buɗe but, na kwanta rigingine na haska fitilar waya. Nan take na ga matsalar. Soson da ke zagaye da takardar sipikar ya ruɓe, ya tsage kusan rabi. Ba laifin kowa ba ne, shekaru ne da rana. Wurin nan a ƙarƙashin gilashi yake, zafin Kano na watan Afrilu yana dukansa kullum. Na cire soket, na sa mita a kan ƙafafun sipikar, ta nuna min 1.8. Na ga lambar da idona, amma ban tsaya na tambayi kaina me take nufi ba. Nan kuskure na farko ya fara.

KUSKURE NA FARKO: NA SAYI LAMBA, BAN SAYI SIPIKA BA

Washegari na shiga Sabon Gari. Na ga wata wufa mai inci 8, maganaɗisunta kamar dutsen niƙa, a jikin kwali an rubuta wat 1200 da jan rubutu. Na biya ban ko yi ciniki sosai ba. Na sha wahala kafin ta zauna a ramin, don gindinta ya fi na tsohuwar zurfi, sai da na yanko zoben katako na ɗora ta a kai. Na kunna. Karkarwa ta tafi, amma bes ɗin ma ya bi ta. Sai ka kai ƙarar rediyo kusan ƙarshe kafin ka san akwai wani abu a baya.

Sai daga baya na fahimci dalilai uku da suka jawo haka.

Na ɗaya, om. Ita lambar 1.8 da mita ta nuna tana nufin sipikar kamfani mai om 2 ce, don mita kullum tana nuna ƙasa kaɗan da abin da aka rubuta. Mai om 4 za ka ga ta nuna wajen 3.2 zuwa 3.6. Wadda na sayo mai om 4 ce. Amfilifayar da ta zo da motar an yi ta ne don ta tura mai om 2, da ka ba ta mai om 4 sai ƙarfin da ke isa sipika ya ragu da kusan rabi. Akasin haka kuma ya fi muni: idan ka sa mai om ƙasa da abin da amfilifaya za ta iya ɗauka, zafi za ta yi ta yi har ta ƙone.

Na biyu, nauyi. Sipikar kamfani takardarta ba nauyi, ƙarfi kaɗan ke motsa ta. Irin manyan nan na kasuwa takardarsu da kwayil ɗinsu masu nauyi ne, sai an ba su wuta sosai suke tashi.

Na uku, akwati. Yawancin wufar kasuwa an ƙera su ne don a rufe su cikin akwatin katako, iskar da ke cikin akwatin ita ke riƙe takardar. Ita kuwa wadda ke kan faifan baya ba ta da akwati, but ɗin motar gaba ɗaya shi ne akwatinta. Don haka sai an nemi wadda aka yi don zama a sake, za ka ga an rubuta Free Air ko IB a jikin kwali ko takardar bayaninta.

Shi kuma wat 1200 ɗin nan, ado ne kawai. Lambar da ake dubawa ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ƙarfin da abu zai iya ɗauka ko bayarwa a kai a kai. Duk inda ka ga MAX ko PMPO, kau da kai.

Da ina da wayo, da a nan na tsaya na kai tsohuwar wurin masu gyaran sipika su sauya mata soso, tunda kwayil ɗinta lafiya yake. Aikin yini ɗaya ne, kuɗi kaɗan. Amma na riga na ce wa Yaya zai ji abin da bai taɓa ji ba. Sai na ce to bari in ƙara amfilifaya.

KUSKURE NA BIYU: WAYA BA FIYUS

Na ɗebi kuɗin da nake tarawa don sayen sabuwar bulowa ta shago, na sayi amfilifaya mai layi ɗaya, wat 150 a om 4, wat 250 a om 2. Kuɗin ya kusa ƙarewa, sai na yi tsimi a wurin da bai kamata ba. Na sayi wata jar waya mai kaurin roba, ana ganinta kamar babba, amma cikinta siriri. Mai shagon ya nuna min gidan fiyus da ake sawa kusa da batir, na ce a'a, ai amfilifayar tana da nata fiyus a jikinta.

Ku lura da wannan wurin, don a nan sana'ata ta yaudare ni. A shago idan zan gwada waya, fawa saflai nake jona mata, bolt 4 da ɗan kai, amfiya 2 ko 3. Idan akwai shot a allon, na'urar da kanta take yin ƙara ta yanke wuta. Shekaru ina aiki da wutar da ke yafe kuskure, har na manta akwai wadda ba ta yafewa. Batirin mota bolt 12 ne kawai, ba ya jan mutum idan ya taɓa, shi ya sa ake raina shi. Amma shi ne ke juya inji da safe, yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, kuma babu abin da zai ce masa tsaya.

Na ɗaura jar wayar a kan fozitib na batir, na samu wani ƙaramin rami a bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, na tura ta haka nan ba robar kariya, na bi da ita ƙarƙashin kafet har but. Na kunna, bes ya taso. Wallahi har rawa na taka ni kaɗai a bakin gida.

Ranar Juma'a da safe na ce bari in zaga da ita in ji yadda take a kan hanya. Layinmu duk ramuka ne. Ban yi nisa ba na ji warin roba. Na ɗauka shara ake ƙonawa. Sai na ga farin hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin sitiyari, wajen ƙafata. Na taka birki, na kashe mota, na zare mukulli. Hayaƙi bai tsaya ba, ƙaruwa ma ya yi. Ai dole, wayar kai tsaye take daga batir, babu ruwanta da mukulli.

Allah Ya taimake ni sifana mai lamba 10 tana aljihuna tun daren jiya. Na buɗe bonet hannuna na rawa, na ga jar wayar tana narkewa tana ɗiga kamar kyandir. Na kwance kan negatib na fizge shi. Wani mai shayi ya rugo da bokitin ƙasa, yara suka taru. Na ɗaga kafet na fizgo wayar da hannu, har yau tabon yana tafin hannuna na dama.

Abin da ya faru shi ne, girgizar hanya ta sa bakin ramin nan mai kaifi ya yanke robar wayar, cikinta ya taɓa jikin mota. Jikin mota kuwa gaba ɗayansa negatib ne. Wato na haɗa kan batir biyu da siririyar waya. Fiyus ɗin da ke jikin amfilifaya yana can but lafiyarsa ƙalau, don shi amfilifaya yake karewa, ba wayar da ta taso daga gaba ba.

Da na mayar da kan batir, mota ta tashi, alhamdu lillahi. Amma kafet ya ƙone wajen faɗin tafin hannu biyu, robar da ta naɗe wasu wayoyin motar ta narke, rediyo kuma ya rubuta CODE ya yi shiru. Saura kwana takwas biki.

FAƊA WA YAYA

Na zauna a cikin motar ina saƙa da warwara. Zuciya ta ce in sayi tabarmar ƙafa in rufe wurin, in ce rediyo ne ya rikice da kansa. Amma wayoyin da suka narke fa? Idan wani abu ya biyo baya a kan titi, da amarya da ƙawayenta a ciki, me zan ce wa Allah, me zan ce wa Hajiyarmu?

Bayan an sauko daga masallaci na same shi, na ce, “Yaya, zo ka ga abin da na yi.”

Ya duba kafet, ya duba wayar, ya kama hannuna ya juya ya ga ƙunar. Ya daɗe bai ce komai ba. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Can ya ce, “Da ta kama fa?”

Na ce, “Da ta ƙone, Yaya. Laifina ne, an nuna min fiyus na ƙi saya.”

Ya ce, “To ka san inda za ka kai ta, wurin wanda ya fi ka sani. Kuma kai za ka tsaya a kai har a gama.”

ABIN DA BABA REWAYA YA KOYA MIN

Akwai wani dattijo mai gyaran wayarin mota da mahaifinmu ke kai wa aiki tun muna yara, Baba kawai muke ce masa. Na kai masa ranar Asabar. Ya ɗauki guntun jar wayar, ya kankare silin cikinta da reza, sai ga fari ya bayyana.

Ya ce, “Ɗana, wannan ai alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe. Araha ba ta ado.”

Alminiyom tana ɗaukar wuta wajen kashi 60 cikin 100 ne kawai na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka. Idan ka ga an rubuta CCA a jikin waya, ita ce wannan. Ta jan ƙarfe zalla ana rubuta mata OFC, kuma za ka ji ta fi nauyi a hannu.

Baba ya fara da gyara ɓarnata: ya buɗe wayoyin da zafi ya taɓa, ya sami guda biyu da robarsu ta lalace, ya yanke ya sabunta, ni na like su da dalma, wannan kam fagena ne. Sannan ya sa na mayar da wufar da na saya, na yi ciko aka ba ni mai om 4, wat 150 RMS, wadda aka yi don zama ba akwati. Daga nan muka sake aikin daga tushe. Ga yadda muka yi, daki-daki:

1. Kafin komai, nemi lambar sirrin rediyo. Irin wannan motar idan aka cire batir sai an sa lamba biyar kafin rediyo ya dawo. Mu mun yi sa'a, mun same ta a wata 'yar takarda da aka manna a jikin durowar gaban fasinja. Ka nemi taka tun kafin ka cire batir. Sannan ka cire kan negatib, kar ka mayar sai an gama.

2. Lissafa wutar da amfilifaya za ta ja. Tamu iyakarta wat 250. Irin waɗannan na zamani da ake rubuta wa Class D suna mayar da wajen kashi 80 cikin 100 na wutar da suka sha zuwa sauti, saura ya tafi a zafi. Wato 250 a raba da 0.8, ya ba da wajen 312. A raba da bolt 14 da mota ke bayarwa idan inji na aiki, ya ba da wajen amfiya 22. Cajar wayarka ta yau da kullum amfiya 2 take bayarwa, ka ga bambanci. Da wannan lissafin za ka kama ƙaryar kwali ma: amfilifayar da fiyus ɗinta amfiya 20 ne ba za ta sha fiye da wat 280 ba, ko da an rubuta 3000 a jikinta.

3. Zaɓi waya. Mun sa ta jan ƙarfe zalla mai geji 8. A lissafin geji, ƙaramar lamba ita ce babbar waya, wato geji 4 ya fi geji 8 kauri, shi ake sa wa manyan amfilifaya. Kar ka duba kaurin roba, duba kaurin cikin.

4. Fiyus kusa da batir. Wannan shi ne ran aikin. Mun sa mai amfiya 40, tazararsa da batir ba ta kai tsawon kamu biyu ba. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kar ya wuce inci 18, wajen santimita 45. Duk abin da ya sami wayar daga nan zuwa but, fiyus ne zai tsinke, ba mota ce za ta kama ba.

5. Wurin ratsa ƙarfe. Baba ya bi da wayar ta cikin robar da wayoyin motar na asali suka bi, ya ƙara mata rigar roba mai tsagu, ya ɗaure ta kowane ɗan taƙi don kar ta yi lilo. Ya nisanta ta da wurin zafi da feda da ƙarfen da kujera ke gudu a kai.

6. Negatib, wanda aka rubuta wa GND. Kaurinta ɗaya da ta fozitib, gajeriya, ba ta kai rabin mita ba. Mun sami noti mai ƙarfi a jikin but, muka kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, muka ɗaure tam. Yawancin kukan da ke bin tashin inji, da amfilifaya mai ɗaukewa tana dawowa, daga nan suke.

7. Sauti. Rediyon kamfani ba shi da ramin RCA a baya. Amfilifayarmu tana da wurin da aka rubuta HI INPUT, sai muka ɗauki wayoyi biyun nan da ke zuwa tsohuwar wufa muka shigar a nan. Idan taka ba ta da shi, akwai 'yar kwanbata da ake kira LOC, tana rage ƙarfin sautin sipika ta mayar da shi na RCA. Idan kuma za ka ja dogon RCA daga gaba, bi da shi ta ɗaya gefen motar, kar ya jeru da wayar wuta.

8. Wayar REM. Siririya ce, ita ke gaya wa amfilifaya ta tashi ko ta kwanta. Mun ɗauko ta daga wutar soket ɗin caja, wadda ke zuwa sai an murɗa mukulli. Idan ka haɗa ta kai tsaye da batir, amfilifaya ba za ta kwanta ba, da safe sai an tura ka.

9. Gane fozitib na sipika. Ɗauki batirin rimot mai bolt 1.5, taɓa ƙafafun sipikar da shi na ɗan lokaci. Idan takardar ta turo waje, ƙafar da ke kan fozitib na batirin ita ce fozitib. Idan aka juya, wufa za ta riƙa ja lokacin da sauran sipiku ke turawa, sai su cinye bes ɗin juna.

10. Toshe kafa. Iskar gaban takarda da ta bayanta kishiyoyi ne, idan suka haɗu sauti ya mutu. Mun sa soso tsakanin sipika da ƙarfe, muka toshe ƙananan ramukan da ke kusa, muka sa roba a bayan lambar mota da ƙarƙashin fitilar birki ta gilashin baya don kar su yi kaɗawa.

11. Saita GAIN. Mutane suna ɗaukarsa maɓallin ƙara, ba shi ba ne. Aikinsa daidaita abin da ke shigowa da abin da amfilifaya za ta fitar. Tunda sipikar ba ta cikin akwati, Baba ya ce kar mu ba ta fiye da wat 100. Lissafin shi ne wat sau om, sannan ka nemi lambar da in ta ninka kanta za ta ba da amsar: 100 sau 4 ya zama 400, 20 sau 20 ke nan, wato bolt 20. Muka cire wayar sipika, na sa sautin gwaji mai 50Hz daga wayata ta AUX, ƙarar rediyo a kashi uku cikin huɗu, bes na rediyo a sifili, mita a kan AC. Na murɗa GAIN a hankali har ta nuna 20, na tsaya. LPF muka ajiye a 80Hz don murya kar ta shiga wufa. BASS BOOST kuwa a kashe.

WANI KUKA DA YA RAGE

Muka fita gwaji, wannan karon da Baba a gefe. A tsaye sauti ras. Amma da mota ta ɗau hanya, sai wani gurnani ya taso daga baya, “wuuum wuuum”, ko da an rage rediyo gaba ɗaya. Gabana ya faɗi. Muka sake duba negatib, lafiya. Sai da daddare ina bincike a waya na gano bakin zaren, kuma abu ne da na sani a sana'ata.

Kun san irin abin kunnen nan masu kashe hayaniya, waɗanda ke sauraron ƙarar waje da makirfo su fitar da kishiyarta. To wasu motocin, har da irin wannan, suna da wannan fasahar: ƙananan makirfo a cikin mota suna jin gurnanin inji, sai rediyo ya tura kishiyarsa ta sipiku don ciki ya yi shiru. An auna shi ne daidai ƙarfin sipikar kamfani. Da muka ƙara amfilifaya, sai kishiyar ta fi abin da aka turo ta kashewa ƙarfi, ta koma ita ce hayaniyar. Washegari muka zare soket ɗin makirfon, na gaba da na baya, kuka ya ɗauke. Abin da za ka rasa shi ne za ka ɗan fi jin inji fiye da da. In motarka tana da makirfon amsa kira, ka tabbatar ba shi ka zare ba.

GA MASU JONA WAYA DA MOTA

Kar ka ƙara bes a manhajar waya, ka ƙara a rediyo, ka ƙara a amfilifaya. Sautin zai fashe, kuma fasasshen sauti yana dafa kwayil. Bar na waya a daidai. AUX ko Bluetooth sun fi 'yar na'urar nan da ke tura sauti ta tashar FM tsabta. Idan kana caji kana amfani da AUX sai ka ji siririn kuka yana bin totur, zare cajar ka gani, in ya ɗauke to akwai 'yar na'urar raba giraun da ake sawa a layin AUX. Ka auna batir: a kashe wajen bolt 12.6, inji na aiki tsakanin 13.5 da 14.5. In fitilun gaba suna lumshewa duk lokacin da bes ya buga, wuta ba ta isa, a duba kafin a ci gaba. Kuma kar ka daɗe kana jin kiɗa inji a kashe.

Sai kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin ƙara mai decibel 80 na awa 40 a mako lafiya, amma in ta kai 90 awa 4 ne kacal. Sipika ana sauya mata soso, kunne ba a sauya masa. In ka zo kusa da masallaci ko asibiti ko layin da mutane ke barci, rage.

RANAR BIKI

Mun gama ranar Talata. Na sayi sabon kafet na wurin da kuɗina, bulowa kuma sai bayan wata uku na iya saye. Yaya ya zauna a kujerar direba, ya sa waƙar da yake so, ya rufe ido. Bes yana fitowa a dunƙule, ba karkarwa, ba gurnani. Bai yabe ni ba. Bonet ya buɗe, ya ce in nuna masa fiyus ɗin, na nuna masa, ya gyaɗa kai.

Ranar ɗaurin aure Hajiyarmu muka fara kaiwa gidan biki. Ta zauna a baya, wufa daidai ƙeyarta. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta ce, “Kai, wane ne ke daka a bayan nan? Ku kashe min.” Haka muka tafi shiru har muka isa. Da daddare kuma da za a ɗauko amarya, Yaya ya miƙo min mukulli a gaban abokansa ya ce ni zan tuƙa. Ban ce komai ba, na karɓa.

Tsohuwar wufar na kai an sauya mata soso, tana shago yanzu tana aiki kamar sabuwa. Duk wanda ya tambaye ni shawara, da ita nake farawa: in soso ne kawai ya tsage, gyara ta. In za ka sauya, nemi mai om ɗaya da ta asali, wadda aka yi don zama ba akwati. In kuwa sai ka ƙara amfilifaya, to fiyus da waya mai kyau su ne farkon abin saye, ba na ƙarshe ba. Wanda bai taɓa riƙe mita ba, don Allah ya kai wa rewaya, ya tsaya a kansa da wannan rubutun a hannu.

Mai tambaya ya rubuto sunan motarsa da shekararta da abin da mita ta nuna masa a kan sipika, in sha Allahu zan amsa gwargwadon abin da na sani. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, amin.